Neman Maganin Shaye-shaye a Ƙaramin Gari: Iya Inda Wayarka Za Ta Kai Ka

A unguwarmu a Funtuwa, duk wanda wayarsa ta rikice ni yake nema. Shi ya sa da mahaifiyar wani abokina ta aiko a kira ni wata ranar Asabar bayan sallar isha'i, na ɗauka WhatsApp ɗinta ne ya sake cika. Da na shiga na gaishe ta, sai ta miƙo mini wayarta ta ce, "Ɗana, kai da ka san kan waya, duba mini inda ake kai yaro a raba shi da ƙwaya." Autanta ne ya faɗi a tsakar gida da yamma yana jijjiga, aka laluba aljihunsa aka ga tiramol mai lamba 225. Na ce, "To Umma, bari in duba."

Na kusa awa ɗaya ina dubawa. Na rubuta da Hausa, abin da ya fito mini wa'azi ne da labaran kame. Na rubuta da Turanci, sai ga cibiyoyin kuɗi na Legas da Abuja, har da na Amurka masu hotunan wurin ninƙaya. Na leƙa shafukan sada zumunta, sai ga masu tallan "maganin daina shaye-shaye cikin kwana bakwai", ka tura kuɗi a aiko maka ta mota. Kafin in ɗago kai, wata maƙwabciya ta riga ta ba da shawarar wani gida da ake ɗaure irin waɗannan yara.

Daga wannan dare na riƙe ra'ayin da zan kare a nan. Wayar da ke hannunka tana iya kai ka ƙofar magani na gaskiya ko da garinku ƙarami ne, amma sai ka san abin da kake nema kafin ka fara dannawa. Wanda ya shiga intanet a ruɗe, mai neman kuɗinsa ne zai fara tarbarsa. Kuma mu masu harkar fasaha a Arewa muna da laifinmu a cikin wannan gibi.

Girman matsalar

A shekarar 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, suka gudanar da babban bincike a Najeriya. Sun gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da taba sigari. Miliyan 10.6 tabar wiwi suke sha, miliyan 4.6 kuma magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramol da kodin. Ɗaya cikin kowane mutum biyar abin ya riga ya zame masa cuta, ɗaya cikin huɗu kuma mace ce. A wannan shekarar ce gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kwana guda bayan BBC ta fitar da rahoton bincikenta a kansa.

Sai ka ɗora wannan adadi a kan na likitocin ƙwaƙwalwa, waɗanda ba su kai 300 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Mutumin Funtuwa, Haɗejiya, Azare, Potiskum ko Yawuri ba zai fita ya ga allon cibiyar gyaran masu shaye-shaye a bakin titi ba. Abin da yake da shi a hannu waya ce da data.

Me ya sa abin da ya fara fitowa bai cika zama mafi inganci ba

Masu karanta wannan shafi sun san yadda injin bincike yake aiki. Saman shafi na wanda ya biya kuɗin talla ne, ko wanda ya iya dabarun jawo mutane. Asibitin gwamnati ba ya talla, wani ma shafinsa ya shekara ba a taɓa shi ba. Mai sayar da jiƙo kuwa kullum yana ɗora bidiyo.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka, a 2017, Google ya dakatar da tallan cibiyoyin gyaran masu shaye-shaye bayan da 'yan jarida suka bankaɗo yadda dillalai suke sayen kalmomin bincike, suna amsa kiran mutanen da ke cikin damuwa, suna sayar da su ga cibiyar da ta fi biya. Sai a 2018 aka dawo da tallan, da sharaɗin wani kamfani mai suna LegitScript ya tantance cibiya tukuna, Facebook ma ya bi sahu. In ƙasar da ke da hukumomi masu haƙora ta sha wannan, ka ƙiyasta halin wanda yake bincike daga ƙaramin gari a nan, inda kowa yana iya buɗe shafi ya saka farar riga ya kira kansa dakta.

Don haka ka riƙe wannan ma'auni. Duk wanda ya yanka maka kwanakin warkewa, mayaudari ne. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka, NIDA, ta daɗe tana bayyana cewa kulawar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne, kuma kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda suka yi magani sukan sake zamewa, kwatankwacin abin da ake gani a masu hawan jini da asma. Cutar da take haka ba kwalba ɗaya ke raba ta da mutum ba. Haka kuma duk wanda ya ce a zuba wa yaro magani a abinci ba da saninsa ba, ko ya nemi kuɗi kafin ya ga majiyyaci, ko ya ƙi faɗin sunan likitan da ke aiki da shi, rufe shafinsa ka wuce.

Magani ya fi kusa da yadda muke zato

Kuskuren da na yi a wancan dare shi ne na tsaya neman gini mai katanga da gadaje. Da yawanmu mun ɗauka magani shi ne a kwantar da mutum wata uku a wani wuri mai nisa. Akwai masu buƙatar haka, amma da yawa ana kula da su suna gida, suna zuwa asibiti ranar ganin likita, ana ba su shawara da magani, ana duba ko akwai ciwon damuwa ko rashin barci a ƙarƙashin shaye-shayen.

Ƙofar farko ita ce babban asibitin garinku. Je ka yanki kati, ka gaya wa likita gaskiya: me ake sha, guda nawa a rana, tun yaushe. Tambayi ko akwai ma'aikacin jinya da ya karanci lafiyar ƙwaƙwalwa, ko ranar da likitan ƙwaƙwalwa yake zuwa. In babu, nemi takardar tura majiyyaci zuwa babban asibiti. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ga kuma sassan likitocin ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Mu daga Funtuwa, Shika tana kan hanyarmu ta zuwa Zariya, mota ɗaya ce. Na sha wucewa ta gabanta ban taɓa kawo ta a wannan lissafi ba.

Ƙofa ta biyu tana cikin wayarka. Tun 2022 hukumar NDLEA ta buɗe layin kira kyauta, 0800 1020 3040, dare da rana, ana amsawa da Hausa. Hukumar ta ce masu ba da shawara ne suke ɗaukar kiran kuma ana sirranta shi, sannan tana da sassan ba da shawara da gyaran hali a ofisoshinta na jihohi. Na san abin da ke ranka: hukumar da ke kama mutane ce za ka kira ka ce kana sha? Wannan tsoro yana da dalili, ba zan ce maka wauta ba ne. Amma kana iya kira a matsayin ɗan'uwa, ka tambayi inda ake kulawa mafi kusa da garinku, ba tare da ka ambaci sunan kowa ba. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ƙofar asibiti tana nan.

Nan ne waya take da amfani na gaske. Da ita za ka nemo lambar asibiti ka tambayi ranar ganin likita da kuɗin kati kafin ka ƙona kuɗin mota. Da ita za ka ɗauki hoton kwalin ƙwayar ka nuna wa likita. Da ita za ka adana hoton takardun asibiti, ka saita tunatarwar shan magani da ranar komawa. Bayan ganin farko ido da ido, tambayi likitan ko zai yarda wani bibiyar a yi ta waya.

Abubuwan da bidiyon minti ɗaya ba zai gaya maka ba

Akwai shawarar da ke yawo, wai a kulle mutum a ɗaki kwana uku ya "fitar da abin". Wannan shawara tana iya kisa. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa kullum, in ya tsaya kwatsam, jikinsa kan fara rawa cikin awa 6 zuwa 24, kuma wajen kwana na biyu zuwa na uku wasu sukan shiga jijjiga da ruɗewa da gane-gane, abin da ke kai wa ga mutuwa in babu likita. Haka masu shan ƙwayoyin sa barci irin su baliyam da rafinol, a hankali likita yake rage musu. Masu tiramol da kodin kuwa babban haɗarinsu yana zuwa ne bayan sun daina: jiki ya manta ƙarfin da ya saba ɗauka, ranar da mutum ya koma wa adadinsa na da, numfashinsa yana iya tsayawa. Ka kuma sani cewa tiramol ɗin da hukumar NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100. Mai 225 da ake sayarwa a lungu haramtacce ne, kuma yawansa kan jawo irin jijjigar da ta kayar da ƙanen abokina.

In ka tarar da mutum a sume ko yana jijjiga, kwantar da shi a gefensa, kada ka cusa masa cokali a baki, kada ka ɗura masa madara ko manja, don suna iya bi ta huhunsa. Ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa tare da kwalin abin da ya sha. Lokacin nan ba na tambayar manhajar ƙirƙirarriyar basira ba ne. Waɗannan manhajoji suna da amfani wajen fassara maka bayanin Turanci ko tsara tambayoyin da za ka yi wa likita, amma ba sa auna bugun jini, kuma suna iya ƙago maka sunan asibiti da lambar da babu ita. Duk lambar da suka ba ka, kira ka tabbatar.

Batun gidan mari

Masu kare gidajen mari suna da hujjar da ya kamata a saurara. Suna cewa asibiti yana da nisa da tsada, likita ba ya samuwa, yaro yana sayar da kayan gida yana zagin uwarsa, to ina za a kai shi? Iyayen da suka kai ɗansu can yawanci ba mugunta ta kai su ba, gajiya ce da rashin mafita.

Amma mun ga abin da ke bayan wasu daga cikin katangun. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. A watan da ya biyo aka sake gano irinsa a Daura. Sarƙa tana hana mutum kai wa ga ƙwaya muddin tana ƙafarsa, ranar da aka kwance kuwa ya fito da tsohuwar ƙishirwarsa, ga sabon ƙunci, ga jikin da ya daina jure adadin da. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi haƙƙin majiyyaci na a kula da shi da mutunci.

Addu'a da nasihar malami suna da babban matsayi, kuma mutumin da ya samu jama'ar masallaci ko coci suna jan sa a jiki ya fi samun ƙarfin tsayawa. A haɗa su da asibiti. Duk wurin da za ka kai ɗan'uwanka, yi tambaya huɗu: wane likita ko ma'aikacin jinya ne yake duba su, wace hukuma ce ta yi wa wurin rajista, ana barin iyali su shiga har ɗakin kwana, kuma me ake yi in mutum ya fara jijjiga da dare? Wurin da ya ƙi amsa waɗannan ya riga ya ba ka amsa.

Sirrinka da wayarka

A ƙaramin gari kowa ya san kowa. Ma'aikaciyar da ke yankar kati ƙila ƙawar yayarka ce. Mace mai shan kodin tana tsoron aurenta, mai shan giya a jihar da ke bin shari'ar Musulunci yana tsoron fiye da surutu. Wannan ne ya sa mutane da dama suka fi sakin jiki da waya a kan mutum. Sai dai waya ma tana da baki.

A 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa manhajar ba da shawara ta BetterHelp biyan dala miliyan 7.8 bisa zargin miƙa bayanan masu amfani da ita ga kamfanonin talla. A 2024 ta ɗauki mataki a kan Monument, wani kamfanin maganin shan giya ta intanet, kan irin wannan zargi. A Najeriya dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, amma manhajar da aka ƙera a wata ƙasa ba lallai ta damu da dokarmu ba.

Saboda haka kafin ka sauke manhajar ƙirga kwanakin da ka yi ba ka sha ba, duba izinin da take nema. Babu abin da ya haɗa ta da jerin lambobinka ko hotunanka ko inda kake. In kuna raba waya da wani a gida, yi bincike a shafin sirri na burauza, ka kulle hirar da kake yi da likita da tsarin kulle hira na WhatsApp. In za ka shiga taron masu taimakon juna ta intanet, irin na Narcotics Anonymous da ake yi ta Zoom, kana iya rufe kyamara ka sa sunan da ba naka ba. Ka guji rukunin WhatsApp da kowa ke ganin lambar kowa, domin dillali ma yana iya shiga.

Sannan kada ka manta wayar da ke neman maka magani ita ce take ɗauke da lambar mai sayar maka. Toshe shi, goge lambar, fita daga rukunin abokan sha, in ta kama ka sauya layi. Rage iyakar kuɗin da manhajar bankinka za ta iya turawa a rana, ko ka damƙa wa wanda ka amince da shi katinka na wasu watanni. Sha'awar ƙwaya takan taso ta lafa cikin ɗan lokaci, duk abin da ya jinkirta ka a wannan tsakani ya taimake ka.

Namu laifin

Muna da matasa a Kano da Kaduna da Jos masu ƙera manhajar sayar da data da ta odar abinci. Muna da masu bidiyo da mabiya dubu ɗaruruwa da ke kwance sabuwar waya daga kwali. Amma a daren da Umma ta miƙo mini wayarta, ban samu shafi ɗaya da Hausa da zai ce mini daga Funtuwa ga wuri mafi kusa, ga ranar ganin likita, ga lambar da ake ɗauka ba. Wannan aiki bai fi ƙarfin ɗaliban kwamfuta biyar da ma'aikacin lafiya ɗaya ba. Wahalarsa tana wajen tantancewa: a kira kowace lamba, a tabbatar da kowane wuri daga ma'aikatar lafiya ta jiha, a rubuta ranar da aka duba, a sabunta duk wata uku, kuma kada a karɓi kuɗin kowa don a ɗora shi a sama. A yi shi mara nauyi yadda zai buɗe a sabis mai rauni, a haɗa da saƙon murya don iyayen da ba sa karatun boko.

Kafin a samu wannan, akwai abin da kai mai karatu za ka iya yi yau. Adana 0800 1020 3040 a wayarka. Nemo lambar babban asibitin garinku ka tambayi ranar da ake ganin masu matsalar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, ka rubuta ka ajiye. In ka ga tallan maganin kwana bakwai, kai rahotonsa maimakon ka tura wa wani.

Ƙanen abokina asibiti aka kai shi a ƙarshe, aka ba shi takarda zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ya zame sau ɗaya bayan wata biyu, gidan ya yi kamar an yi mutuwa, amma likitan ya ce a dawo da shi a ci gaba daga inda aka tsaya. Yanzu yana koyon gyaran waya a kasuwa, yana zuwa ganin likita duk wata. Ba zan ce maka ya warke ba, shi ma ba ya faɗin haka. Umma dai ta sa na saita mata ƙararrawar ranar asibiti a wayarta, kuma duk ranar da ta buga, ita take fara tashinsa.